Daga Basra Zuwa Bauranya: Tarihin Wata Tambaya Mai Nauyi

A Bauranya, kamar sauran garuruwan yankin Kusada da Kankiya a tsakiyar Jihar Katsina, akwai tambayar da yaro ba ya yi wa babba sau biyu. In ya kuskura ya ce, "Baba, wai Allah zai iya yin ƙarya? Zai iya cutar mutum haka kawai?" amsar ba ta wuce, "A'uzu billahi! Kai, rufe mana baki," wani lokacin har da ranƙwashi. Ga Bahaushe wannan magana bakin ramin saɓo ce, kuma ya daɗe da rufe ta da 'yan kalmomin da ba sa rabuwa da bakinsa: Allah ba azzalumin bawansa ba ne. Da su ake yi wa wanda gobara ta cinye wa rumbu jaje, da su ake ba uwar da aka binne wa ɗa haƙuri.

Sai dai tambayar yaron tana da babi sukutum a cikin littattafan da ke gafakar malamin unguwarsu. Ta girmi hasumiyar Gobarau da ɗaruruwan shekaru. An kashe malamai a kan 'yar'uwarta, wato maganar ƙaddara. Ta raba almajiri da malamin da ya rene shi, ta ƙetare Sahara cikin kayan raƙuma. Ilimin da ya goyo ta kuwa, da ya iso ƙasar Hausa, ya tayar da ƙurar da sai da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta rubutu kafin ta kwanta.

Inda aka faro

Siyasa ce ta haifi tambayar. A zamanin Banu Umayya, waɗanda suka riƙe halifanci daga 661 zuwa 750, an sha zubar da jinin Musulmi, musamman a Iraƙi ƙarƙashin gwamna Hajjaju bin Yusuf. In aka yi ƙorafi sai 'yan fada su ce haka Allah ya ƙaddara, shi ya ba da mulkin, shi ya hukunta abin da ya faru. Wasu malamai suka ga cewa wannan dabara ce ta ɗora wa Ubangiji laifin sarki. Ma'abadu al-Juhani a Basra da Gailanu a Dimashƙa suka fito suka ce alhakin aikin bawa yana wuyan bawa. Dukansu biyu kashe su aka yi: Ma'abadu, wanda ya shiga tawaye, a zamanin Hajjaju, Gailanu kuma a zamanin Halifa Hishamu, wanda ya yi mulki daga 724 zuwa 743.

A Basra ɗin ne kuma Wasilu bin Aɗa'u, wanda ya rasu a 748, ya janye daga majalisin Hasanul Basari ya buɗe nasa a wani ɓangare na masallacin garin. Daga wannan janyewa, a yadda ake ba da labari, aka samo sunan Mu'utazilawa. Su kuwa ma'abota adalci da tauhidi suke kiran kansu. A wurinsu hankali kaɗai ya isa ya gane cewa ƙarya da zalunci munana ne tun kafin wahayi ya sauka. Tun da Allah mai adalci ne, in ji su, ba shi ke halittar mugun aikin bawa ba, don ba zai halitta wa mutum sata sannan ya ƙone shi a kanta ba.

Da suka gama yarda cewa Allah ba ya zalunci, sai aka tono wata: don ba ya so ne, ko don ba zai iya ba? Nan gida ya rabu. Abul Huzaili, babban malaminsu na Basra, ya ce yana da ikon yi, hikimarsa ce ta sa ba zai taɓa yi ba. Almajirinsa Nazzamu ya ce sam, ba a ma siffanta shi da ikon yin zalunci, domin in aka bar wannan ƙofa a buɗe, me zai ba bawa tabbacin ba za a bi ta cikinta wata rana ba? Abokan hamayya suka yi masa caa, suka ce ya mai da Mai Iko tamkar wanda aka ɗaure wa hannu, wanda alheri ya zame masa dole kamar yadda zafi ya zame wa wuta.

Daga baya Alƙali Abduljabbar, wanda ya rasu a 1025, ya tsara amsar da yawancinsu suka tsaya a kai, da misalin da kowane ɗan kasuwa zai gane. Mutumin da ya san zai samu dirhami ɗaya ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, kuma ya san ƙarya abin ƙi ce, gaskiyar zai faɗa. Jahilci ko buƙata ke kai mutum ga mugun aiki. Allah kuwa ba abin da ya jahilta, ba abin da yake buƙata.

Tauraronsu ya haska har fadar Bagadaza. A 833 Halifa Ma'amun ya fara tilasta wa malamai su amsa cewa Alƙur'ani halitta ne. Aka ɗaure Imamu Ahmad bin Hambali, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim. Mutawakkil, wanda ya hau a 847, shi ya kawo ƙarshen wannan uƙuba, amma jama'a ba su manta ba cewa masu kiran kansu ma'abota adalci sun fake da bulalar sarki.

'Yan'uwa uku

Ɗan gida ne ya karya lagonsu. Abul Hasan al-Ash'ari, haifaffen Basra, ya tashi a hannun Abu Ali al-Jubba'i, shugaban Mu'utazilawan garin, ya zauna gabansa har ya kai shekara 40. Cikin abin da ake koyarwa a makarantar akwai cewa wajibi ne Allah ya yi wa bawa abin da ya fi masa alheri. Masu tarihi sun kawo cewa wata rana Ash'ari ya tambayi malaminsa makomar 'yan'uwa uku: ɗaya ya girma mumini ya mutu, ɗaya ya girma kafiri ya mutu, na ukun ya mutu yana yaro. Malam ya ce na farko yana cikin manyan darajoji, na biyu yana wuta, yaron kuwa ya tsira amma bai kai matsayin yayansa ba. Ash'ari ya ce to in yaron ya nemi jin dalilin da ya sa ba a bar shi ya girma ya yi aikin da zai kai shi can ba fa? Malam ya ce sai a gaya masa an san da ya girma da ya ɓata, shi ya sa aka ɗauke shi da wuri. Almajirin ya ce to in na cikin wutar ya ɗaga murya ya ce shi ma ai an san zai ɓata, me ya hana a ɗauke shi yana yaro?

Jubba'i ya rasa ta cewa.

Wajen 912 Ash'ari ya tashi a masallacin Juma'a na Basra ya shelanta cewa ya bar tafiyar. Amsar da ya gina, wadda mabiyansa irin su Imamu Gazali suka ƙara gyara mata zama, ta faro ne daga ma'anar kalmar kanta. Zalunci shi ne mutum ya taɓa abin da ba nasa ba, ko ya ƙetare iyakar da na sama da shi ya shata masa. Manomin da ya shiga gonar maƙwabci ya yanke dawa ya yi zalunci. In tasa ya yanke, ko da ba ta nuna ba, ba mai kai shi gaban alƙali. Allah kuwa babu gonar da ba tasa ba, babu kuma wani a samansa da zai ba shi umarni har a ce ya saɓa. Saboda haka zunubi da zalunci ba su da hanyar da za su bi su iso gare shi. Lada falala ce daga wurinsa, azaba kuma adalci. Shi kuwa bawa, ko da yake Allah ke halittar aikinsa, shi ke ɗaukar aikin da zaɓinsa, abin da suka kira kasabu, kuma a kan wannan za a kama shi.

Ɓangarorin biyu sun yi wani karo da malamai ke son ba da labarinsa har yau. A majalisin waziri Sahibu bin Abbad, wanda ya rasu a 995, Alƙali Abduljabbar ya haɗu da malamin Ash'arawa Abu Is'haƙ al-Isfarayini. Alƙalin ya buɗe da tasbihi ga wanda ya tsarkaka daga alfasha, habaici ke nan. Abu Is'haƙ ya mayar da tasbihi ga wanda komai ba ya aukuwa a mulkinsa sai abin da ya so. Alƙalin ya tambaya ko Ubangiji zai so a saɓa masa. Aka tambaye shi ko ana saɓa wa Ubangiji da ƙarfin tsiya ne, ba da sonsa ba. Ya ce to wanda ya hana shi shiriya ya hukunta masa halaka, ya kyautata masa ko ya munana? Abu Is'haƙ ya ce in abin da ya hana ka naka ne, ya munana, in kuwa nasa ne, ai yana ba wanda ya so.

A can Samarkand, Abu Mansur al-Maturidi, wanda ya rasu a 944, ya bi tsakiya: komai mallakar Allah ne, amma abin da ya saɓa wa hikima, kamar dawwamar da mai biyayya cikin wuta, ba ya dacewa da shi. Wannan ra'ayi ya fi bin ƙasashen Hanafiyya. Na Ash'ari ne ya bi Malikiyya zuwa yamma.

Ɗan littafin Tilimsan

Kafin littattafai su iso, mutanen wannan ƙasa suna da tasu hanyar warware matsalar. Maguzawa, waɗanda har yau akwai zuriyarsu a karkarar Katsina da Kano, sun san akwai Allah a sama, amma in ciwo ya kama mutum ko gona ta ƙi, iskoki ake tuhuma, su ake yanka wa akuya ko kaza. Sharri yana da masu shi daban. Tauhidi ne ya rufe wannan mafita: in komai daga Ɗaya yake, daɗi da ɗaci, to dole a yi bayanin ɗacin.

Risalar Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda duk mai neman ilimi a ƙasar Hausa ke bi ta kanta bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta buɗe da babin aƙida. A ciki an tabbatar cewa ƙaddara, alherinta da sharrinta, daga Allah take, kuma shiryarwa falalarsa ce, taɓarwa adalcinsa. Amma littafin da ya ba malamai ma'aunin auna tambayar shi ne na Muhammadu bin Yusuf as-Sanusi, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490. Sunansa Ummul Barahin, ana kuma ce masa Sugura, wato Ƙarama. 'Yan shafuka ne, yaro na iya haddace shi cikin makonni.

Sanusi ya kasa hukuncin hankali gida uku. Akwai wajibi, abin da hankali ba zai ɗauki rashinsa ba. Akwai mustahili, wanda malaman zaure ke fassarawa da korarre, abin da hankali ba zai ɗauki samuwarsa ba. Sai ja'izi, mai yiwuwa, wanda zai iya kasancewa ko ya ƙi. Siffofi 20 ne wajibai ga Allah, kishiyoyinsu 20 korarru, ja'izi kuma ɗaya tak: ya aikata kowane mai yiwuwa ko ya bar shi. Makullin yana nan: ƙudura, wato ikon Allah, da masu yiwuwa kaɗai take rataya. Mai tambaya ko Allah zai iya halittar wani Allah kamarsa, ko ya kawar da kansa, ko ya zama jahili, bai gano iyakar ikon Allah ba, ya dai haɗa kalmomin da ba su haɗuwa. Ba a cewa ido ya gaza don bai ji ƙarar ganga ba. Ƙarya ma korarriya ce, don zancen Allah yana tafiya ne daidai da saninsa.

A sharhin da ya yi wa littafin nasa, Sanusi ya ragargaji Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, saboda cewar da ya yi Allah na da ikon riƙon ɗa, don kada a ce ya gaza. A nan ne ya kawo labarin da almajirai ba sa mantawa. Wai Iblis ya zo wa Annabi Idrisu cikin siffar mutum, ya tarar da shi yana ɗinki yana tasbihi. Ya nuna masa ɗan ɓawo ya tambaye shi ko Allah zai iya sa duniya a ciki. Annabi Idrisu ya ce ko a kafar allurar nan ma zai iya, ya kuma tsokane masa ido da ita. Malamai suka yi bayani cewa amsar a dunƙule aka ba da ita don mai tambayar fitina ya zo nema. In ana nufin a ƙanƙantar da duniya ko a faɗaɗa ɓawon, wannan mai yiwuwa ne. In kuwa ana nufin duniya da girmanta ta shiga ɓawo da ƙanƙantarsa, to maganar ce ba ta da kai. Ranƙwashin dattijon Bauranya, ashe, yana da kaka.

Hanyar Tilimsan zuwa ƙasar Hausa a buɗe take. Muhammadu al-Magili, ɗan garin su Sanusi kuma tsaransa, ya zauna Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kuma sauka Katsina. A Tumbuktu, Ahmad Baba, wanda ya rasu a 1627, ya lissafa Sugura cikin littattafan da ya karanta gaban malaminsa Muhammadu Bagayogo. Zuwa ƙarni na 17, zamanin da Katsina ke alfahari da Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, littattafan Sanusi sun zama jigon karatun tauhidi daga Tumbuktu har Barno.

Masu titsiye talaka

A nan ƙasar, faɗan bai tsaya kan amsar ba. Ya koma kan wa ya wajaba ya san ta. Sanusi ya karkata ga cewa imanin mai kwaikwayo, wanda ya ji iyaye na faɗa ya faɗa ba tare da sanin hujja ba, yana cikin haɗari. Wasu suka ɗauki wannan suka yi gaba da ita. Cikin Fulani aka samu karatun baka da ake kira kabbe, wanda aka gina kan Sugura, ana haddace shi da Fulfulde. Muhammadu al-Wali bin Sulaiman, malamin Fulani da ya rayu a Bagarmi ta ƙasar Cadi ta yau a ƙarshen ƙarni na 17, ya mayar da irin wannan sharhi zuwa Larabci cikin littafinsa Manhajul Farid, wanda aka yi ta kwafarsa a ƙasar Hausa da Barno.

Zuwa zamanin Shehu Usmanu, wanda aka haifa a 1754, an samu wasu ɗalibai da ke tare manomi ko makiyayi su titsiye shi: kawo siffofin nan 20, kawo hujjar kowace, me ya koru ga Allah, me ya halatta? In ya yi inda-inda sai su yanke masa hukuncin kafirci. Hukuncin kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda aka kafirta ba a cin yankansa, aurensa na cikin shakka, kuma a zamanin da ake kama bayi, ko 'yancinsa bai tsira ba. An taɓa yin irin wannan a Sijilmasa ta ƙasar Maroko, inda Hasan al-Yusi, wanda ya rasu a 1691, ya tarar da ɗalibai na yi wa jama'a wannan titsiye ya kuma yi musu raddi. Shehu ya kafa hujja da shi.

Shehu bai yi watsi da aƙidar Ash'ari ba, ita ya karanta, ita ya koyar a Degel da wuraren da ya zaga wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi. Ɗan littafinsa Usuluddin ya jero wajibai da korarru kamar yadda aka saba. Abin da ya ƙi shi ne a mai da ilmul kalami, wato ilimin hujjojin aƙida, ƙofar shiga Musulunci. Ya ce wanda ya yi kalmar shahada ya tsai da alamomin addini Musulmi ne a hukuncin duniya, abin da ke cikin zuciya kuwa na Allah ne. Ya ce Annabi da sahabbai ba su taɓa titsiye baƙauye kan hujjojin masu kalami ba, kuma hujjar da talaka ke gani a sama da ƙasa da saukar damina ta ishe shi. Zurfafa cikin fannin aikin wasu ne daga cikin al'umma, don maganin masu kawo shubuha. A cikin Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya ya sa masu kafirta jama'a ta wannan hanya cikin ƙungiyoyin ɓata, ya kuma sake komawa kansu a Hisnul Afham. Ɗansa Muhammadu Bello ya faɗa a Infaƙul Maisur cewa rubuce-rubucen Shehu a kan waɗannan mutane sun kai wajen 50.

Akwai wani abu kuma da masu jihadi suka nuna a aikace. Yarda da cewa komai da nufin Allah yake bai sa sun yafe wa sarakuna ba. A Kitabul Farƙi an lissafa zaluncin masu mulki ɗaya bayan ɗaya, har da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa. Ba wanda ya karɓi uzurin 'yan fadar Banu Umayya. A 1807 Katsina ta faɗa hannun masu tuta, Malam Umarun Dallaji ya zama sarki, tsohuwar zuriyar sarauta ta ƙare a Maraɗi. A wannan shekarar ce kuma Abdullahi ɗan Fodiyo, ganin yadda son duniya ya fara shiga jama'arsu, ya bar su da niyyar tafiya gabas, ya tsaya Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam don nuna wa sababbin masu mulki iyakarsu.

Yunwa, mishan da ɗaliban Madina

Ƙarni na 20 ya gwada wannan aƙida gwaji mai tsanani. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake tunawa da sunan Kakalaba, ta kashe mutane ba adadi a arewacin Kano da Katsina. Aka yi 'Yar Buhu a 1927, aka yi 'Yar Gusau a farkon shekarun 1940, aka yi farin 1972 zuwa 1974. A kowace, abin da jama'a suka yi shi ne fita roƙon ruwa, da tuba, da sadaka, da tuhumar kawunansu da masu ɓoye hatsi. Yatsa bai nuna sama ba.

Tambayar ta sake shigowa ta wata ƙofa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Kiristocin da suka fito daga gidajen Maguzawa a wajajen Malumfashi da Kafur suka tarar a wasiƙar Titus da ta Ibraniyawa cewa ƙarya ba ta yiwuwa ga Allah. Malamansu na da sun yi irin wannan kai-komo. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ce zunubi kasawa ce, don haka iya yin zunubi iya kasawa ne, abin da ba ya haɗuwa da cikar iko.

A Indiya kuwa maganar ta raba Musulmi. Shah Isma'il na Delhi, wanda ya rasu a 1831, ya ce ƙarya tana ƙarƙashin ikon Allah ko da yake ba za ta taɓa aukuwa ba. Wasu manyan malaman Deoband suka kare wannan fahimta, Ahmad Rida Khan na Bareli, wanda ya rasu a 1921, ya rubuta littafi guda yana yi musu raddi mai zafi. Tana cikin abubuwan da suka raba Deobandawa da Barelawa, rabuwar da har yau ake gani a masallatan Indiya da Pakistan da Ingila.

A arewacin Nijeriya sauyin ya zo ne ta hannun Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fitar da Al-Aƙidatus Sahiha a 1972, da ƙungiyar Izala da Sheikh Isma'ila Idris ya jagoranci kafawa a Jos a 1978, sannan da ɗaliban da suka dawo daga Jami'ar Musulunci ta Madina. Kitabut Tauhid da Wasiɗiyya suka shiga masallatan da a da Ummul Barahin da Jauharatut Tauhid kaɗai aka sani. Tare da su amsar Ibnu Taimiyya ta iso, malamin da ya rasu a kurkukun Dimashƙa a 1328. A wurinsa zalunci shi ne ajiye abu inda ba muhallinsa ba, kamar a kama mutum da laifin wani ko a tauye masa ladan aikinsa. Wannan abu ne da Allah ke da ikon yi, amma ya haramta wa kansa. Da korarre ne tun asali, in ji masu wannan ra'ayi, da ba abin yabo a cikin barinsa, kamar yadda ba a yabon gurgu don bai haura katangar maƙwabci ba.

Hujjarsu tana bakin kowane ɗan Islamiyya: hadisi na 24 cikin Arba'una Hadisi, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Zarrin, inda Allah ke shaida wa bayinsa cewa ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakaninsu. Abin sha'awa, Imamu Nawawi, wanda ya tara hadisan, ya rasu a 1277, a sharhinsa na Sahihu Muslim ya fassara wannan haramci da tsarkaka, ya ce zalunci korarre ne ga Allah. Littafi ɗaya, hadisi ɗaya, karatu biyu.

Tsohuwar dabarar 'yan fada ma ba ta mutu ba. Bayan kowane zaɓe ana jin mai cewa Allah ke ba da mulki ga wanda ya so, ko da an ga yadda aka yi da akwatin. Da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Kankara a Disamban 2020, da kuma duk lokacin da 'yan bindiga suka hana manoman Katsina shiga gonakinsu, ana samun masu cewa ƙaddara ce, ana samun masu mayar musu da cewa ƙaddarar ba ta ɗauke wa mai riƙe da amana alhaki ba. Talakan da aka cuta kuwa, in ya rasa mai jin kukansa, "Allah ya isa" yake cewa, wato ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ya tabbata ba a karɓar gaisuwa.

In aka yi rasuwa a Bauranya, a kan tabarma ɗaya ake samun dattijon da ya sauke Ummul Barahin a zaure da matashin da ya karanta Wasiɗiyya a masallacin bakin titi. Duk su biyun abu ɗaya suke gaya wa mai makoki: ya yi haƙuri, wanda ya ba shi shi ya karɓi abinsa, kuma bai zalunce shi ba. Da wani zai tambaye su dalili, da ɗaya ya ce don zalunci korarre ne gare shi, ɗayan ya ce don ya haramta wa kansa. Ba a yin wannan tambaya a wurin gaisuwar mutuwa. Dattijon ya ɗaga hannu a shafa Fatiha, matashin ya tsaya a kan "Allah ya jiƙansa da rahama," su nemi takalmansu su ba waɗanda suka zo daga garin Yashe wuri.